Tsirran Bakin Kogi da Abin da Suke Faɗa Kan Ruwan Wudil

Batun da nake son kafawa guda ne: wanda ya san sunan tsiro bai san shi ba tukuna, sai ya san irin wurin da yake yarda ya zauna. Masu nazarin gaɓar teku suna bin jerin tsirrai daga ruwa zuwa tudu, kowanne gwargwadon gishirin da yake iya jurewa. Mu ba mu da teku, amma muna da kogin Wudil, mahaɗar ruwan Kano da na Challawa, kuma ma'auninmu shi ne daɗewar ruwa a ƙasa. Kainuwa bisa ruwa take yawo. Bado yana son kwantaccen ruwa, saiwarsa a laka. Burugu da jema suna inda ambaliya ke zuwa ta janye. Giyayya tana kan baƙar laka mai riƙe ruwa watanni, in ka hau jigawa kuma sai sabara.

Kacala ce babbar hujjata. Kafin a gama madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, kogin yakan cika da damina, ya koma rairayi da rani, kuma wannan doguwar bushewa ba ta barin kacala ta yi ƙarfi. Da aka fara sakin ruwa da rani, magudanai suka daina ƙafewa, ita kuwa abin da take nema ke nan: ruwa marar zurfi da ba ya yankewa. Ta toshe hanyoyin ruwa a fadamun Haɗeja da Nguru, inda wannan ruwa ke gangarawa, ta tare wa masunta hanya, ta zama makwancin janbaki mai cinye shinkafa. Saboda haka yanke ta kawai aikin baban giwa ne, domin saiwarta tana nan ƙarƙashin laka, yanayin da ya kira ta kuma bai sauya ba.

Wani zai ce tauraron ɗan'adam ya fi idon manomi. Lalle yana nuna faɗin kore daga sama, sai dai da wuya ya bambance burugun da shanu ke ƙiba da shi da kacalar da ta kore shi, sai an taka an gani. Wani kuma zai ce sunayenmu suna saɓawa daga gari zuwa gari. Haka ne, kuma wannan suka tana da nauyi. Amma tun 1916 masanin tsirrai Dalziel ya jera sunayen tsirrai na Hausa gefe da gefe da na kimiyya, aikin da ɗaliban Jami'ar Aliko Dangote ta Wudil za su iya ɗorawa a kai: su busar da ganye da fure, su rubuta sunan da masunci ko makiyayi ya faɗa, da irin ƙasar, da watan da ruwa ya janye daga wurin.