KWALKWALIN KAKA DA KWALKWALIN JIKA
Jawabin da aka gabatar a bikin cikar sarauta shekara 100, a birnin Yamai

 

Da yawa daga cikinku kun san muryata a rediyo, amma ba ku san fuskata ba. To, yau ga fuskar, ga kuma abin da na riƙo a hannuna. Sa'ad da kwamitin wannan biki ya nemi in yi magana, na shaida masu cewa ni ba masanin tarihi ba ne. Karatuna a lise ya tsaya, sauran kuwa a bakin tsofaffi na tsince shi. Abin da zan iya kawowa gaban Sarki shi ne labarin wannan kwalkwali da na yi da hannuna a ranakun hutuna, da darasin da ya koya mini game da kayan gadonmu.

Yaranmu na yau in an ce kwalkwali, hular kwanon masu babur suke tunawa. A wurin kakanninmu kuwa, kwalkwali shi ne hular ɗan lifida, wato barden da shi da dokinsa ke sanye da lifidi. Lifidi tufa ce mai kauri da ake cusa wa audugar rimi a dinƙe ta layi-layi, domin kibiya mai dafi ta maƙale a ciki kafin ta kai ga fata. Shi kwalkwalin da tsummoki ake naɗe cikinsa, a ƙarfafa shi da ƙarfe, wani lokaci a rufa masa sulke, sannan a kafa masa ƙoƙon tagulla a bisa, inda ake soka gashin jimina.

Abin ba na jiya ba ne. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Kananeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke a Kano. A 1823, da Baturen Ingila Denham ya isa Kukawa, ya rubuta mamakin da ya yi na ganin mahayan Shehun Barno sanye da sulke. Bindiga ce ta kashe kasuwar waɗannan kaya. Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya tara bindigogi har ya sa ana ƙera igwa a cikin birninsa. Faransawa suka shiga Damagaram a 1899, Ingilishi suka ci Kano da Sakkwato a 1903. Daga nan lifidi da kwalkwali suka bar fagen fama suka koma kayan hawan salla da tarbar baƙi, kamar yadda aka san mahayan Zarmakoy na Doso da su.

Ranka ya daɗe, kakan mahaifina ɗan lifida ne a ƙasar Maraɗi. Da ɗansa, wato kakana, ya yi ƙaura zuwa Yamai bayan an mayar da ita babban birni a 1926, bai zo da doki ba, bai zo da lifidi ba, amma ya zo da kwalkwalin mahaifinsa a cikin adaka. Shekara da shekaru yana gidanmu. A yunwar 1984, wadda mutanenmu ke kira El-Buhari, wani mai sayen kayan da ya zo ƙofar gida, aka ba shi kwalkwalin, aka sayi hatsi da kuɗin. Ina cikin yaran da suka ci tuwon wannan hatsi, saboda haka ba ni da bakin zargin kowa. Abin da ya rage mana hoto ɗaya ne, baƙi da fari, kakana yana zaune da kwalkwalin a kan gwiwarsa.

Wata rana ɗana ya ga hoton, ya tambaye ni ko tukunya ce kaka ya riƙe. Na yi dariya, amma daren nan barci ya ƙaurace mini. Da gari ya waye na ƙudurta cewa sai na yi irinsa, ko da zai ɗauke ni shekara nawa.

Na fara da zuwa Gidan Tarihi na Ƙasa Bubu Hama, wanda aka buɗe a 1959, na duba tufafin gargajiya, na kuma zauna da masu sana'ar hannu da ke aiki a harabarsa. Sannan na auna kaina da igiya, na sami ƙwarya daidai wannan awo ta zame mini magwaji. Gwajin farko da kwali da gam na yi shi. Ya yi kyau a ido, amma raɓar dare ɗaya ta lanƙwasa shi. A gwaji na biyu na cusa audugar rimi tsakanin ƙyallaye biyu na saƙi, na dinƙe da faɗi don in gama da wuri. Kafin mako guda audugar duk ta gangaro wuya, ƙoƙon kai ya zama fanko.

A nan ne wani dattijo baduku, mai dinkin sirdi, ya cece ni. Ya juya aikina a hannunsa, ya ce: "Ɗana, gaggawa ce ta dinka wannan, ba kai ba." Ya nuna mini cewa tsakanin layi da layi kada ya wuce faɗin yatsa, kuma a riƙa cusa audugar kaɗan-kaɗan da tsinke bayan an dinke kowane layi, a danna ta har ta yi tauri. Ya ce a sa tsummoki a tsakiyar kai, domin su ne ke shanye sara, auduga kuwa a gefe da ƙeya, inda kibiya ke nema. Wannan bayani babu shi a hotona, ban kuma karanta shi a wani littafi ba. A kan dattijon nan yake, kuma ya ce mini shekara 30 ke nan ba wanda ya tambaye shi.

Dinkin kaɗai ya ci mini wata 5, da basilla da zaren saƙa, bayan sallar isha'i. Na rufe bayansa da jan mulufi, na saukar da lafaya biyu su kare kunnuwa da wuya. Maɗaurin haɓa na yi shi da jar fatar akuyar Maraɗi, wadda duniya ta san ingancinta. Tagulla kuwa a kasuwar Katako na tsinto ta cikin tsofaffin ƙarafa. Na kai wa wani maƙerin fari, na roƙe shi kada ya yi mini, ya dai koya mini. Ya bar ni na buga ƙoƙon a kan uwar maƙera har sau 4 kafin ya gyaɗa kai. Shi ya nuna mini yadda ake maida tagulla wuta in ta yi tauri, don kada ta tsage a ƙarƙashin masaba, da yadda ake liƙe baki da sinadari.

Gashin jimina ne ya fi ba ni wuya, kuma ya fi ba ni baƙin ciki. Jiminar da kakanninmu ke gani garke-garke a daji ta ƙare a ƙasarmu, har sai da aka kafa wurin kiwonta a Kelle, cikin yankin Gure, domin kada irinta ya ɓace. Ban yarda a taɓa tsuntsu saboda sha'awata ba. Gashin da kuke gani na ciro shi ne daga wani tsohon mafici na gwaggona, da izininta.

Daga nan sai gyaran ƙarshe, wanda shi ne ke raba aiki da wasa. Na bi kowane baki da magagari don kada ya yanki mai sawa. Na goge tagullar da toka da ruwan tsamiya har ta ɗauki ido, na shafa wa fatar man shanu ta yi laushi. Ranar da na gama, cikin bazara, na sa shi na zauna a tsakar gida awa guda. Gumi ya rufe mini ido, wuyana ya ƙage, ba na jin maganar wanda ke gefena sai ya ɗaga murya. Ni da ke zaune a kan tabarma ke nan. Ina ga wanda ke kan doki, lifidi ya lulluɓe shi, yana sane da cewa in ya faɗo ba zai iya tashi shi kaɗai ba, in kuma kibiyar wuta ta same shi audugar za ta kama? Ran nan na san ko wane ne kakan mahaifina. Gani ya kori ji, amma ɗauka ta kori gani.

Yanzu ga abin da ya sa na zaɓi wannan magana a gaban Sarki. Da labari ya bazu, wani dillali ya same ni har gida. Ya ce aikin ya yi, saura abu ɗaya. In rataye shi a madafa hayaƙi ya dafa shi wata 3, in bar tagullar ta dushe, shi kuma zai kai wa baƙi a matsayin kwalkwalin yaƙi mai shekara 200, mu raba kuɗin. Kuɗin da ya ambata ya fi albashina na wata 6. Ba zan ɓoye maku ba, sai da na kwana ina juya maganar. Amma na tuna cewa yunwa ce ta raba mu da na gaskiya. Me zai sa ni, da cikina a ƙoshe, in sayar da na ƙarya da sunan kakana? Washegari na koma wurin maƙerin, muka zana sunana da shekarar da na gama shi a cikin ƙoƙon, inda ba mai kankarewa. Hausawa sun ce kama da wane ba wane ba ne. Wannan kwalkwali bai taɓa zuwa yaƙi ba, kuma shi da kansa zai faɗa wa duk wanda ya juya shi.

Saboda haka ina da roƙo uku. Na farko, ga iyalan da har yanzu ke da takobi, ko garkuwa, ko sirdi, ko sulke a cikin adaka: ku bari a auna su, a ɗauki hotonsu ta kowane gefe, a rubuta sunan mai su da garin da suka fito, a ajiye takardun a fada. In wata rana wuya ta sa abin ya fita, awonsa da labarinsa sun zauna. Na biyu, ga fada: a nemi dattawan dukawa da maƙera da suka rage, a haɗa kowannensu da yara ko da biyu ne, kafin su tafi da abin da ke kansu. Ni na ɗauki alkawarin naɗar muryoyinsu. Na uku, ga matasa masu sha'awar irin wannan aiki: ku yi, ku ɓata, ku sake, amma kowane abin da kuka ƙera ku sa masa sunanku da shekararsa.

Mai Martaba, shekara 100 na wannan sarauta sun wuce a hannun waɗanda suka riƙe amana. Ina miƙa wannan kwalkwali ga fada, kyauta daga gidanmu, domin yaran makaranta su taɓa shi, su sa shi, su ji nauyinsa, abin da ba a yarda a yi da na asali ba.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ja zamanin Sarki, ya zaunar da ƙasarmu Nijar lafiya.