Jawabi Ga Manoman Illo: Furen Wiwi Da Maganar Noman Hem



Ana ta yaɗa magana cewa Turawa sun halatta wani irin wiwi wanda ba ya sa maye, wai akwai kuɗi a nomansa. Sunansa hem. Ku saurara da kyau kafin wani ya tsallako muku da irinsa daga iyaka.

Hem da wiwi tsiro ɗaya ne. Bambancinsu yawan sinadarin maye, wanda ake kira THC. A 2018 Amurka ta yarda a noma shi, amma kada sinadarin ya wuce kashi 0.3 cikin 100. Wato giram 3 a kilo guda na busasshen tsiro. Gana ma ta yi irin wannan doka a 2023.

To, ga inda gizo ke saƙa. Sinadarin ba ya tsayawa wuri ɗaya. A jikin furen tamata akwai wasu 'yan gasu ƙanana masu danƙo. A nan yake taruwa, tare da ɗan'uwansa CBD, wanda ba ya bugarwa, ake yin magani da shi. Fure na ƙosawa, duka biyun na hawa tare. Manomi yana jira CBD ya ƙaru don ya sami farashi, THC kuwa ya riga ya tsallake iyaka. Gonar da ke halal a farkon fure, bayan 'yan makonni ta zama haram. Ido ba ya gane wannan, sai an auna a ɗakin gwaji. A Amurka ana ɗibar samfur cikin kwana 30 kafin girbi. Idan ya zarce, gonar ba ta shiga kasuwa, manomi ya yi asara.

Ku da kuke yanke rama tana fara fure don igiya ta yi kyau, kun san tsiro yana sauyawa da kwanaki. Ita rama ganyenta kawai ya yi kama da wiwi, ba ta da maye.

Mu nan Nijeriya doka ba ta raba hem da wiwi ba. Hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989, tana kama mai shuka shi ko da bai fid da fure ba. Hukuncin yana iya kaiwa ɗaurin rai da rai. Wanda aka kawo wa irin da bai sani ba, ya fara nuna wa malamin gona a Bagudo.