Jawabin Malamai Matan Sojoji a Taron Reshe



Da muka kammala sakandare, mun nufi kwalejin ilimi, waɗanda suka zama mazajenmu kuwa suka shiga sahun kuratan soja a Zariya. Tun daga nan muke ɗaure kaya da kwancewa: Jaji, barikin Giginya a Sakkwato, Maimalari a Maiduguri. Da aka tura su Darfur, mu muka riƙe gida da aji. Wasunsu ba su dawo ba, Allah Ya jiƙansu.

Ba mu yi nadama ba. Kukanmu ɗaya ne: duk jihar da muka sauka, sai a ɗauke mu a matsayin sababbin malamai, shekarun aikinmu su bi ruwa. Muna roƙon ƙungiya ta tsaya mana.