Aikin Tafinta: Jawabin Akawu a Kasuwar Kwanar Ɗangora



Iyayenmu sun ba mu labarin tafintan Di'o. Talaka ya kai kuka, tafinta ya karkatar da magana, mai gaskiya ya koma gida da tara. To, aikin nan bai mutu ba, girma ya yi.

Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda Nijeriya ta shiga a 1960, da harsuna shida take aiki: Turanci, Faransanci, Rashanci, Sinanci, Sifaniyanci, da Larabci da aka ƙara a 1973. Tafinta yana zaune a ɗakin gilashi, wakili na magana shi kuwa yana juyawa nan take. Bayan kamar rabin awa abokinsa ya karɓe shi, don aikin da cin ƙwaƙwalwa. Ba a ɗaukar mutum sai ya yi digiri, ya kuma ci jarrabawarsu.

Ku lura, babu Hausa cikin shidan nan. Saboda haka yaron da kuka ga bakinsa na kama Larabci ko Turanci, kada ku cire shi daga makaranta don jiran rumfa. Ku bar shi ya kai Jami'ar Bayero ya ƙara da Faransanci. Harshe ma jari ne, kuma ba ya ruɓewa kamar tumatir.