Kashi na 23: Ta Kamfani ko Ta Haɗi? Kafin Ka Zuba Kuɗinka a Kwamfuta

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Yau saƙon wani ƙanenmu ne daga Mabera ya kawo mu. Ya gama karatu a kwalejin Umaru Ali Shinkafi, yana haɗa bidiyon biki a waya, aiki ya fara yi wa wayar yawa. Mahaifiyarsa ta sayar da ragunan da take kiwo don Sallah, ta haɗa masa da abin da ya tara, ta ce ya je ya sayi kwamfuta. Ya shiga shago ɗaya an ce masa ya ɗauki HP sabuwa a kwali. Ya shiga na biyu, mai shagon ya ce masa, "Bar wagga, kawo kuɗin in haɗa maka wadda ta fi ta ƙarfi." Shi ne ya rubuto mini yana cewa, "Yaya, wacce zan saya? Kuɗin ga in sun tafi ba su dawowa."

To ƙanena, ka zauna mu yi magana, don amsarka za ta yi wa mutane da dama amfani.

Bari in fara da misalin da kowa ya sani. Kwamfutar kamfani kamar riga ce ɗinkakka da ka saya a kanti, ka biya ka sa, shi ke nan. Ta haɗi kuwa kamar ka yanki shadda ne ka kai wa tela. In telan gwani ne za ta zauna maka fiye da ta kanti. In ɗan koyo ne, ka yi asarar shadda da kuɗin ɗinki gaba ɗaya.

Kuma kada wani ya raina haɗi. Michael Dell, mai kamfanin Dell ɗin nan, a ɗakin kwanansa na jami'ar Texas ya fara a 1984, yana sayen kaya yana haɗa wa mutane. Abin da ya ba shi dama shi ne, lokacin da IBM ta fitar da kwamfutarta a 1981, da kayan wasu kamfanoni ta gina ta, don haka kowa ya iya kwaikwayo. Ita IBM ɗin ma daga baya ta sayar wa Lenovo sashen a 2005. Mu ma nan, waɗanda suka san zamanin kafe da bizines senta a farkon shekarun 2000 za su tuna, yawancin kwamfutocin da muka koyi taifin a kansu haɗi ne, "kulon" ake ce musu. Daga Computer Village ta Ikeja ake ɗauko kayan a zo a ɗaura. A 2001 ne kuma Zinox ta fito da sunan kwamfutar Najeriya.

Wani abin da mutane ba su cika lura da shi ba: in ka buɗe cikin HP ko Dell ko Lenovo, furosesar ba su suka ƙera ta ba, ta Intel ce ko AMD. RAM ɗin ma galibi daga Samsung yake, ko SK Hynix, ko Micron. Wato kayan cikin kusan ɗaya ne da na mai haɗi. Abin da kake biya a suna shi ne tsari, da gwajin da aka yi an tabbatar kayan sun jitu da juna, da garanti. To amma ka tambayi mai shago, in ta lalace bayan wata huɗu, ina zan kai ta? Sau da yawa za ka tarar garantin da ke hannunka bai wuce abin da ya rubuta maka a rasit ba.

Shi ya sa nake cewa, mu a Sakkwato, kafin maganar suna akwai tambaya uku da ya kamata mutum ya yi wa kansa.

Ta farko ita ce wuta. Cajar laftof ta aiki galibi wat 45 zuwa 65 take ja. Kwamfutar tebur da aka haɗa da katin girafik, in tana aiki mai nauyi, tana iya jan wat 300 zuwa 500, ban da allon kallo. Kuma ba ta da batir. Kana tsakiyar fitar da bidiyon awa biyu a ɗauke wuta, ka koma farko. Saboda haka wanda zai haɗa, dole ya lissafa da UPS, ko inbata da sola, ko man janareto, kuma kowa ya san yadda fetur ya koma tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023. Mai shago ya faɗa maka kuɗin kwamfuta ne kawai, bai faɗa maka kuɗin ciyar da ita ba.

Ta biyu, zafi da ƙura. A nan kuma ta haɗi ce ke gaba. Mu da muke ganin zafi ya haura digiri 40 a watan Afrilu da Mayu, ba sai an yi mana bayani ba. Furosesa in ta ji zafi ya yi mata yawa, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Shi ya sa za ka ga siririyar laftof mai kyan gani, da safe tana tashi kamar doki, da azahar ta koma jaki. Babban akwatin tebur yana da fili, yana da manyan fanka, kuma kusoshi biyu za ka kwance ka hure shi. Lokacin hunturu kuwa ƙura ce ke toshe hanyar iska. Kowace iri ka saya, ka riƙa kai ta ana hure ta, kada ka ɗora laftof a kan katifa ko darduma, kada ka ajiye akwati a ƙasa kusa da ƙofa.

Ta uku, gyara. In wani abu ya mutu, za a samu madadinsa a garin nan, ko sai an aika Kano ko Legas? Ta haɗi kowane sashe nata daban yake, ka cire wanda ya mutu ka sa wani. Wasu na kamfani kuwa, musamman ƙanana, fawa fak ɗinsu da madabod ɗinsu na musamman ne, ba kowanne ke shiga ba. Siraran laftof da yawa na yanzu an like RAM ɗinsu a jikin bod, ba ƙari. Kwamfutocin Apple tun daga M1 ta 2020 haka suke, abin da ka saya da shi, da shi za ka zauna.

Amma fa ku tuna maganar tela. Ni kaina na sha. Shekarun baya na ba wani mai shago kuɗi ya haɗa mini, ban zauna ba, na tafi na dawo na ɗauka. Furosesa mai kyau, RAM mai kyau, ashe a fawa fak ya ci ribarsa. An rubuta wat 500 a jiki, amma in ka ɗaga ba ta fi kwalin ashana nauyi ba. Wata rana aka kawo wuta da ƙarfi, sai ƙauri kawai na ji. Ta tafi da madabod, ta tafi da had dis, da aikin mutane a ciki. Tun daga ranar na yarda araha ba ta ado.

Sai kuma mu duba yadda kasuwar kanta ta canza. Kafin Yunin 2023 dala a farashin gwamnati tana wajen naira 460, zuwa farkon 2024 ta haura 1,500. Sabuwa a kwali ta fi ƙarfin yawancinmu, kayan haɗi sababbi ma haka. Shi ya sa hanya ta uku ta cika shaguna: kwamfutocin ofis da aka yi amfani da su a Turai da Amurka, waɗanda ake ce wa "Landan yus". A nan akwai sirri. Kowane kamfani yana da kayan gida da kayan ofis. HP na da Pavilion na gida, EliteBook da ProBook na ofis. Dell ta yi Inspiron, sannan Latitude da OptiPlex. Lenovo na da IdeaPad, sannan ThinkPad. Na ofis an yi su ne don wahala, kuma yawancinsu ana buɗe su a ƙara kaya. Ka sayi irin wannan, ka sa mata SSD, ka ƙara RAM, ka ga ka samu rabi kamfani rabi haɗi.

Sai dai a yi hattara. Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma Windows 11 a ƙa'ida tana buƙatar furosesar Intel daga zubi na 8 zuwa sama. Kamfanonin waje suna sauke tsofaffin, kuma kun san inda ake juye su. Kada sitikar "Core i7" ta ruɗe ka. Duba lambar da ke bin ta. In ka ga i7-4600U, zubi na 4 ne, tun wajen 2013. In ka ga i5-8250U, na 8 ne, kuma ta fi waccan i7 ɗin nesa ba kusa ba. Masu lamba irin 10210U ko 1135G7, lambobi biyun farko za ka karanta, wato 10 da 11.

To ƙanena na Mabera, ga amsarka. In kana da shago ko ɗaki mai sola da zai ɗauki nauyinta, kuma a wuri ɗaya za ka riƙa aiki, haɗi ya fi maka, don aikin bidiyo yana son katin girafik da iska, kuma baɗi in Allah ya buɗa sai ka ƙara kaya ba tare da ka sake sabuwa ba. Amma da sharaɗi: a rubuta maka sunan kowane kaya da lambarsa a rasit, ka zauna a haɗa a gabanka, fawa fak ta zama mai suna, kuma RAM kada ya gaza giga 16. In kuwa wutar gida kake jira, kuma daga wannan biki sai wancan kake yawo, manta da haɗi. Nemi laftof ta ofis, zubi na 8 ko sama, ka gwada ta awa guda a shagon da bidiyonka, ka duba lafiyar batir, ka tabbata ba a kulle BIOS ɗinta da kalmar sirri ba.

Kuma ko wacce ka zaɓa, kada ka ƙarar da kuɗin kaf a kanta. Rage na had dis na waje da za ka riƙa ajiye kwafin aiki. Kwamfuta in ta mutu ana sayen wata, amma ɗaurin aure ba a maimaita shi don faifanka ya ƙone.

Ɗalibanmu na Jami'ar Ɗanfodiyo, da masu shirin jarrabawar JAMB, da iyayen da ke son saya wa yara ta gida, ku ba ku da buƙatar haɗi. Laftof ta ofis mai SSD da RAM giga 8 ta ishe ku rubutu da bincike da koyon aiki. Daidai ruwa daidai tsaki.

Allah ya sa wa kuɗin Inna albarka, ya sa ragunan nan su dawo mata ninki. Masu gyara da masu shaguna da ke saurarenmu, in akwai inda kuka ga na kauce, ku turo mana, za mu karanta a shiri na gaba. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu yi magana a kan sola: fanel nawa da batir nawa ke riƙe kwamfuta ɗaya daga safe zuwa la'asar.