Tafiya Ƙuryar Duniya Kallon Namun Daji, da Abin da Ta Shafi Fadamar Kalgo



Na san wasunku sun yi mamaki da suka ji kan maganar da zan yi yau, watau jiragen ruwa masu kai mutane tsibiran ƙanƙara don su kalli dabbobi. Ina ruwan mutumin Gwandu da ƙasar da ba a shuka ko gero? Ina roƙonku ku yi mini haƙuri kaɗan, domin hanyar da za mu bi za ta komo da mu bakin Gulbin Kabi.

A ƙuryar kudancin duniya akwai nahiyar Antatika, wadda ƙanƙara ta lulluɓe kusan dukkanta. A shekarar 1959 ƙasashe 12 suka sa hannu a yarjejeniyar cewa za a bar ta don zaman lafiya da binciken ilmi. A 1966 wani mutumin Suwidin, Lars-Eric Lindblad, ya kai ayarin 'yan yawon buɗe ido can, kuma a 1969 ya sa aka ƙera masa jirgi musamman don wannan aiki. Yawancin jiragen suna tashi ne daga garin Ushuwaya na Ajantina, su yi kamar kwana biyu suna fama da igiyar ruwa kafin su isa. Ana tafiyar tsakanin Nuwamba da Maris, lokacin da muke sanyin hunturu su kuwa suke nasu zafin. In an isa, sai a zuba mutane cikin ƙananan jiragen roba a kai su gaɓa, su ga tsuntsun nan fenguwin da ba ya tashi sama sai iyo, su ga ƙattin dabbobin teku da ake kira wel. Kowane matafiyi yakan biya dubban daloli. A farkon shekarun 1990 masu zuwa ba su kai 10,000 a shekara ba. A kakar 2023 zuwa 2024 sun haura 120,000.

To, abin lura shi ne dabbobin nan saura kaɗan a ƙarar da su. A tsibirin Jojiya ta Kudu kaɗai, tsakanin 1904 da 1965, an kashe wel fiye da 175,000 don a tatsi mansu. Wani irinsu mai doro ya ragu har ya koma kamar 450 a wancan yanki na teku. Da aka hana farautarsa, sai ya farfaɗo, har masana suka ƙiyasta a 2019 cewa ya kai kimanin 25,000. Ashe abin da matafiya ke biyan kuɗi su gani, doka ce ta tsirar da shi.

Su kansu masu jiragen sun gane cewa baƙo yana iya zama annoba. A 1991 kamfanoni bakwai suka kafa ƙungiya suka ɗaure kansu da sharuɗɗa. Ba a sauke fiye da mutum 100 a gaɓa lokaci guda. Jirgin da ya ɗauko fiye da fasinja 500 ba ya sauke kowa. Ba a matsar dabba kusa da mita 5. Kowa sai ya wanke takalmansa kafin ya sauka da bayan ya komo, don kada ya kai wata cuta ko irin ciyawa. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Wanda ya je ziyara hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo a Gwandu ya san akwai ladabin shiga wuri mai daraja. Duk da haka hatsari bai ƙare ba. Jirgin nan na Lindblad, bayan ya koma hannun wasu, ya nutse a Nuwamba 2007, ko da yake an ceto dukkan mutum 154 da ke ciki. A 2023 kuma murar tsuntsaye ta isa Jojiya ta Kudu.

Yanzu mu komo gida. A ɗaya ƙuryar, ta arewa, daga Sikandinebiya zuwa Saberiya, akwai wata tsuntsuwa mai dogayen ƙafafu da Turawa ke kira raf. Can take ƙwai. In sanyi ya kama, sai ta ƙetare Bahar Rum da Sahara ta sauka a fadamun ƙasashenmu, ta ci tsutsa da shinkafar da ta zube bayan girbi. Wasu agwagin ruwa na Turai da Rasha su ma haka suke yi. Watau tsuntsun da Bature ke biyan kuɗi ya gani a ƙasar ƙanƙara, irinsa yana zuwa mana har gida da ƙafarsa. Mu ma mun san baƙon tsuntsu, tun da shamuwa ce ke yi mana albishir da damina.

Sai dai masaukin baƙin nan yana ƙuntata. Tun da aka gama madatsar Bakolori a 1978 da ta Goronyo a 1984, ambaliyar da ke shayar da fadama daga Argungu zuwa Birnin Kebbi da Kalgo ta canja lokacinta da yawanta. Noman rani ya faɗaɗa, magungunan feshi sun yawaita. Ina yaro, kukan gauraka ne ke tashe mu in mun kwana a gona. Ku tambayi ƙannenku ko sun taɓa ganinsa. Haka dinya da kirinjijiya sun ja baya a wuraren da muka saba ganinsu.

Na san amsar da manomi zai ba ni, kuma yana da gaskiyarsa. Zai ce tsuntsu abokin gāba ne, domin jan-baki yakan share gonar shinkafa cikin yini guda. Ba wanda zai ce a bar yara da yunwa saboda tsuntsu. Amma jan-baki daban, zalɓe da raf daban, gubar da aka watsa kuwa ba ta tantancewa, har kifi tana kashewa. Ruwan da ya riƙe tsuntsu shi ne ya riƙe masunci da makiyayi.

Ba na cewa gobe jiragen masu kuɗi za su tsaya a Kalgo. Amma maƙwabtanmu na Nijar sun nuna abin da zai yiwu: raƙuman dawa na yankin Kure sun ragu zuwa 49 a 1996, aka tsare su tare da mutanen ƙauyuka, har suka haura 600. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2016, ya dogara ne ga dokar hana su a wurin sai ranar biki. Kakanninmu sun riga masu jirage sanin amfanin hani.

Saboda haka ina da roƙo uku. Na farko, ga ɗalibai, musamman na Jami'ar Tarayya da ke Kalgo: tun 1967 ake ƙidayar tsuntsayen ruwa a duniya kowane Janairu. Ku ɗauki littafi da alƙalami, ku hau kwale-kwale, ku ƙirga na fadamarku, ku maimaita kowace shekara. Na biyu, ku zauna da masunta da dattawa ku rubuta sunayen tsuntsaye da kifaye da Hausa da Fulatanci da Zabarmanci, tun masu sanin suna raye. Na uku, gare ku matasan ma'aikata: wata rana takardar rabon fadama ko ta feshi za ta zo teburinku. Kafin ku sa hannu, ku tambayi inda ruwan zai bi, da tafkin da za a bari. Tun ran gini ran zane.

Allah ya ba mu ikon riƙe amanar da ya damƙa mana.