Jawabi Kan Kumburin Marufin Maƙogwaron Yara



Yau za mu yi magana kan wani ciwo da ke iya kashe yaro cikin 'yan sa'o'i. A gindin harshe akwai wani ɗan marufi da ke rufe hanyar iska idan muna haɗiya. Wata ƙwayar cuta da likitoci ke kira Hib takan kumbura shi har ya toshe numfashi. Ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6.

Ga alamunsa: zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, ciwon maƙogwaro, yaro ya kasa haɗiye ko da yawunsa, sai dalala yake yi. Muryarsa ta dushe, numfashinsa na ƙara. Ya ƙi kwanciya, sai ya zauna ya karkato gaba, ya miƙe wuya, baki a buɗe. Tari kuwa ba ya yawa.

Jama'a, a nan ne haɗarin yake. Mun saba, da yaro ya kasa haɗiya sai mu ce beli ne, a kira wanzami. Wannan ba beli ba ne. Taɓa maƙogwaron da yatsa, ko cokali, ko aska na iya rufe hanyar iskar gaba ɗaya nan take. Kada a yi masa ɗura, kada a kwantar da shi dole, kada a sa shi kuka. Uwa ta riƙe shi a zaune kan cinyarta, a wuce babban asibiti kai tsaye, ko tsakar dare ne. Ban da tsayawa a kemis. Wanda ba ya jin yaren gari ko Turanci ya tafi da mai fassara. A can za a kare masa hanyar numfashi, a yi masa allurar kashe ƙwayoyin cutar, kuma yawancin yaran da aka kai da wuri suna warkewa.

Akwai rigakafi. Tun shekarar 2012 Nijeriya ta fara ba da allurar Penta, wadda ta haɗa da kariya daga Hib. Ana yin ta sau uku: a mako na 6, na 10 da na 14. Masu tafiya gida Arewa wanka ko ganin dangi, a riƙe katin yaro, a ƙarasa allurar a can.

Allah ya raya mana zuri'a.